Layin ƙarfin sauti: daga teburin Neve zuwa ɗakunan naɗar waƙa na Tamale

Mawaƙi ba ya rera waƙa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. A wani baiti zai matso bakin makirufo, a wani ya ja da baya, in an zo amshi kuma ya ware murya. Tun asali aikinmu na masu haɗa sauti shi ne bin wannan hawa da sauka, a ɗaga kalmar da kiɗa zai haɗiye, a sauke wadda za ta fasa kunne. A zamanin tef da hannu ake yi, kuma a lokaci guda. Idan layukan sun kai ashirin da huɗu, sai injiniya da mataimakinsa, wani lokacin har da makaɗan, su jeru a gaban teburin haɗa sauti kowa riƙe da fedarsa, wato abin da ake ja a ɗaga sauti ko a sauke shi, mutum ɗaya ya yi kuskure a minti na uku a koma farko. Wannan wahala ce ta sa kamfanoni suka nemi hanyar da na'ura za ta riƙe motsin hannu. Kamfanin Neve na Ingila ya fito da NECAM a 1977, tsarin da fedoji ke motsi da kansu suna maimaita abin da injiniya ya yi, sannan a 1979 teburin SSL 4000 E ya zo da kwamfutarsa, ya mamaye manyan sitidiyoyin Landan da Amurka.

Tamale ba ta ga wannan zamani ba. Irin waɗannan tebura kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sitidiyo a arewacin Gana, kuma mawaƙin da ke son naɗi mai kyau sai ya kama hanyar Kumasi ko Akra. Abin da ya sauya lissafi shi ne manhaja. Cubase ta fito a 1989, Pro Tools a 1991, FruityLoops kuma, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, ita ce ta shiga ɗakunan samari a Afirka ta Yamma. A cikinsu motsin feda ya koma layi da ake zanawa a allo: ka sa ɗigo nan, ka ja shi sama, murya ta ƙaru a daidai daƙiƙar da kake so, gobe ka buɗe aikin ka tarar da shi yadda ka bari. A irin wannan kayan aiki aka gina waƙar zamani ta garin, wadda ta kai Fancy Gadam da Maccasio ga tara dubban mutane a filin wasa na Tamale, har "Total Cheat" ta Fancy Gadam da Sarkodie ta zama waƙar shekara a gasar kiɗan Gana ta 2018.

Sai dai gadon ya iso mana ba tare da tarbiyyar da ta haife shi ba. Wanda ya koyi aiki a tebur ya san feda kafin ya san komai. Wanda ya koya a laftof kuwa, abin da ya fara gani shi ne kwamfuresa da limita, masu matse sauti su daidaita shi ba tare da ka zana ko ɗigo ɗaya ba, kuma sun zo a lokacin da duniya ke tseren ƙara, tun bayan da Waves ta fitar da limitar L1 a 1994. A ganina wannan ne babban raunin haɗin sautinmu. Akwai wuri biyu da ake taɓa ƙarfi, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ƙarfin shiga, wato girman sautin kafin ya isa kwamfuresa. Na biyu shi ne fedar fita, bayan an gama sarrafa shi. Idan murya ta shigo da bambanci mai faɗi tsakanin raɗa da ihu, kwamfuresa za ta danne ihun har ya shaƙe, ta kuma tono numfashi da ƙarar fankar ɗaki a wajen raɗar. Idan kuwa aka fara gyara ƙarfin shiga gaɓa-gaɓa, wanda Pro Tools ta sauƙaƙa tun fitowa ta 10 a 2011, kwamfuresa ba za ta cire fiye da desibel kaɗan ba, feda kuma a bar ta ga aikin fasaha, kamar ɗaga amshi ko buɗe wa ganga hanya.

A ƙasar Dagomba, wato Dagbon, inda Tamale take, batun ya fi nauyi saboda kayan kiɗan. Lunga, 'yar'uwar kalangunmu, magana take yi: makaɗi na matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka, wani bugun ya fito a sanyaye, wani da ƙarfi, a haka ake kiran kirarin sarakuna da zuriyarsu. Wanda ya saurari naɗin da John Chernoff ya yi wa makaɗan Dagbon, wanda kamfanin Rounder ya fitar, zai ji faɗin wannan tazara. Limita ba ta san wane bugu ne ke ɗauke da suna ba, duk wanda ya tsallake iyaka sare shi take yi. Haka goge, da bakansa ke kumbura a hankali kafin ya lafa.

Masu ganin akasin haka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa waƙarmu ba a ɗakin shiru ake jin ta ba, a waya ake ji, da ƙaramar sifika, da cikin keke mai ƙafa uku, da tsakiyar hayaniyar kasuwar Aboabo, waƙar da ba ta da ƙara kuwa mai kiɗan biki zai tsallake ta. Wasu kan amsa da cewa tseren ƙara ya ƙare, tunda ƙa'idar EBU R128 ta 2010 ta tsayar da ma'aunin -23 LUFS ga gidajen watsa shirye-shirye na Turai, Spotify kuma na daidaita waƙoƙi a wajajen -14. Wannan amsa rabinta ce kawai ke aiki a nan, domin waƙar da ke yawo ta WhatsApp da katin memori babu mai daidaita ta. Amma abin da mai sauraro a kasuwa ke nema shi ne ya ji kalmomi, kuma matse waƙa gaba ɗaya ba ya fito da kalma, sai dai ya tura murya da ganga da bas su cunkushe a ƙofa ɗaya. Layin da aka zana, wanda ke sauke kiɗa kaɗan a ƙarƙashin baiti ya mayar da shi a tsakanin baitoci, shi ne ke sa murya ta fito a sifikar waya, kuma bayan haka limita na iya ƙara ƙarfi ba tare da ta yi ɓarna ba.

Hujja ta biyu ita ce lokaci. Mawaƙi ya biya kuɗin zama ɗaya, yana son waƙarsa yau, ga kuma manhajoji irin Vocal Rider ta Waves, wadda ta fito a 2009, da ke jan feda da kansu. Ban ga laifin amfani da su ba, suna ɗauke kaso mai yawa na wahalar, kuma Vocal Rider na iya rubuta motsinta a matsayin layi da za ka gyara daga baya. Abin da take aunawa dai ƙarfi ne. A waƙar da ta cakuɗa Dagbanci da Hausa da Turanci, inda sunan wanda ake yabo ya faɗo a ƙarshen numfashin mawaƙi, ko inda ya sassauta murya da gangan, sai mai haɗa sautin ya koma kan layin ya ɗaga sunan da desibel biyu ko uku, ya kuma goge ɗagawar da manhajar ta yi wa sassaucin.