Baridi shida da tiyar hatsi

Makon jiya wata uwa ta zo lakwal neman takardar sauya wa yaranta biyu makaranta. Aure ya mutu, za ta koma Yamai wurin yayanta. Uban ya ce jaka biyar ɗin da yake bayarwa a wata ba zai ƙara ko dala a kai ba, tunda ba shi ya aike ta ba. Ta ce mini, "Malam, doka me ta ce?"

Malamanmu na zaure sun riga alƙalan gwamnati sanin wannan rigima. A Risala ta Ibn Abi Zaid, reno na uwa ne bayan saki, har namiji ya balaga, mace kuma ta tare a ɗakin mijinta. Muhtasar na Halil ya kawo sharaɗin tafiya: in uwa ta yi ƙaura ta zama, ba ta fatauci ba, har nisan baridi shida, wato mil 72, uba na iya karɓar yaransa. Nisan nan bai kai na Maraɗi zuwa Damagaram ba. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ciyarwa a da tiyar hatsi ce da rigar salla, sai na kusa yake iya kai su, ya kuma ga ko yaro na zuwa makarantar allo. Amma reno ne ƙaura take taɓawa. Ciyarwa haƙƙin yaro ce, tana wuyan uba muddin yana da hali, kuma nan ne iyaye maza da yawa suke karanta rabin shafi su rufe littafi.

Al'ada ta bi tata hanya: a garuruwa da dama uba kan karɓi yaro da ya kai shekara 7. Turawan Faransa sun bar sha'anin aure ga kotunan gargajiya. Bayan ƴancin kai, dokar tsarin shari'a ta 1962, da ta 2004 da ta maye gurbinta, suka ce a yi wa mutane hukuncin iyali bisa al'adarsu, alƙali na zaune da masana al'ada. Kundin dokar iyali kuwa ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini a 1994, wani yunƙurin ya sake faɗuwa a 2011.

Shi ya sa babu jadawalin da ke cewa yaro a Yamai kaza ne kuɗinsa. Ana yanke adadi rana ɗaya, sai ya daskare. Waɗanda aka yanke wa kafin a karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun ga yadda jakar jiya ta kasa cika kwano.

Na ce mata ta koma inda aka yanke jaka biyar ɗin kafin ta hau mota, ta kai lissafin haya da na magani, a rubuta sabon adadi da lokacin da yara za su zo hutu wurin ubansu. Takardar haihuwar babban har yanzu tana hannun uban, ga shi baɗi zai zauna jarrabawar BEPC.