Daga Kan Dutse Ake Jinyar Majiya

A ƙasar Adar babu kogin da ke gudana rani da damina. Majiya da Tarka da ƙoramun Keita ruwan sama suke jira. Idan ya sauka su cika su batse, bayan ƴan kwanaki sai rairayi. Amma a ƙarƙashin rairayin nan ruwa yake kwanciya, daga nan rijiyoyi ke sha, daga nan albasar Madawa ke samun rai. Dattawan Keita har yau suna ba da labarin lokacin da gangaren duwatsu ke lulluɓe da itace, tabkuna na riƙe ruwa har tsakiyar rani.

Farin 1973 da na 1984, wanda mutanenmu suka laƙaba wa yunwarsa suna El Buhari, su suka ƙarasa abin da gatari ya fara. Da dutse ya yi tsirara, ruwan sama ya rasa abin da zai tsai da shi. Sai ya gangaro da gudu, ya yanka gonaki, ya kwashe ƙasa mai albarka, ya zube ta cikin fadama da tabki. Madatsar Ibohaman, a gundumar Keita, shaida ce: laka ta cinye mafi yawan wurin da aka tanadar wa ruwa.

Gyara ya soma a kwarin Majiya, wajen Buza, a shekarar 1975, lokacin da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE ta Amurka suka fara dasa bedi layi biyu-biyu, da tazarar mita 100, domin karya ƙarfin iska. Manoma da dama sun yi gunaguni da farko, don itacen ya ci musu gefen gona. Da hatsi ya ƙaru a bayan layukan, gunagunin ya ragu.

Aikin da ya fi girma shi ne furojen Keita, wanda aka buɗe a 1984, shekarar da aka yi taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Italiya ta zuba kuɗi, hukumar FAO ta riƙe fannin fasaha, hukumar PAM ta biya ma'aikata da cimaka. Hikimar aikin ita ce ba a fara daga cikin ƙorama ba. An hau tudu, an jera duwatsu a kan fako, an haƙa ramuka a gangare an sa itace a cikinsu, sannan aka gina ƙananan madatsai masu rage wa ruwa gudu har ya samu ya nutse. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta 30,000. Wa ya ɗauki dutsen? Galibi mata ne, domin maza sun tafi cin rani Nijeriya da Abijan. A ganina duk tarihin Adar da bai ba matan nan babi nasu ba, bai cika ba.

Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Majiya, bayan ta shayar da madatsun Mozage da Zango masu ciyar da gandun noman rani na Ƙonni, tana ƙarewa ne a tabkin Kalmalo, kusa da Illela ta jihar Sakkwato. Shi ya sa yarjejeniyar da Nijar da Nijeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 ta ambace ta cikin ruwayen da ƙasashen biyu suke tarayya a kai. Abin da aka tare a Buza, mutumin Illela yana ji a rijiyarsa.

Sai dai furoje baƙo ne, ranar tafiyarsa na zuwa. Jeren dutse yana rushewa, madatsa tana cika da laka, kuma wanda ya saba karɓar buhun cimaka kafin ya ɗaga dutse ba ya saurin komawa gayya. Ga kuma wata sabuwar damuwa a kwarin Tarka: ruwan ƙasa a kusa yake, taki da maganin ƙwari da ake zuba wa albasa ba su da nisan tafiya kafin su iske shi, alhali daga ruwan nan ne ake cika tulun gida. Na taɓa tambayar ɗalibaina ina ruwan rijiyar unguwarsu ke fitowa. Duka ajin suka ce daga ƙasa. Yarinya ɗaya ce, ƴar wani ƙauyen Keita, ta ce kakarta ta gaya mata daga kan dutse yake zuwa.