Tarihin Binciken Kwaikwayon Kama a Tsakanin Ƙwari

Kwaikwayon kama, a ilimin halittu, shi ne yadda wani jinsi yake ɗaukar launi ko siffa ko motsin wani jinsi dabam wanda ba su da dangantaka ta kusa, har mai farautarsu ya kasa bambance su. Wanda ya fara yi wa lamarin bayani na kimiyya shi ne Henry Walter Bates, Baturen Ingila, wanda ya isa dazukan Amazon a shekarar 1848 tare da Alfred Russel Wallace, ya zauna can shekara 11 yana tara ƙwari. Da ya koma gida yana rarraba malam-buɗe-littafin da ya kamo, sai ya lura cewa akwai waɗanda zanen fikafikansu kusan ɗaya ne, alhali tsarin jikinsu ya nuna cewa dangoginsu sun yi hannun riga.

A maƙalarsa ta 1862, Bates ya bayyana cewa ɗaya daga cikin jinsunan biyu yana da ɗaci ko guba, shi ya sa yake shawagi a hankali cikin launi mai ɗaukar ido ba tare da tsuntsaye sun kula shi ba, ɗayan kuwa lafiyayyen abinci ne da yake sojan gona. Babu niyya ko dabara a wajen ƙwaron. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana mai ɗacin yana riƙe launinsa a ka, saboda haka duk ƙwaron da ya fi kama da shi ya fi samun tsira har ya hayayyafa, ya gadar wa 'ya'yansa kamannin, kuma a haka kamar take ƙara kyau daga tsara zuwa tsara. Charles Darwin, wanda littafinsa kan asalin jinsuna ya fito a 1859, ya yi maraba da wannan bayani, domin ya ga hujja ce ga ra'ayinsa cewa yanayi ne yake tace waɗanda za su rayu. Sai dai wannan kariya tana da sharaɗi, domin idan masu kwaikwayon suka fi masu ɗacin yawa, tsuntsaye za su riƙa dacewa da abinci mai daɗi, gargaɗin kuma ya daina aiki.

Abin da bayanin Bates bai warware ba shi ne dalilin da zai sa jinsuna biyu masu ɗaci duka su yi kama da juna. Fritz Müller, Bajamushe mazaunin kudancin Burazil, ya amsa wannan a 1878 da ɗan lissafi: kowane ƙaramin tsuntsu sai ya kashe wasu ƙwari kafin ya koyi darasi, don haka idan jinsuna biyu suka yi tarayya a launi ɗaya, asarar da ke cikin wannan koyo takan rabu a tsakaninsu.

Afirka ta ba da misalai masu ƙarfi tun da wuri. A 1869 Roland Trimen ya nuna cewa wasu malam-buɗe-littafi da ake ɗauka jinsuna dabam-dabam ne duk matan jinsi ɗaya ne, Papilio dardanus, kowace tana kwaikwayon wani mai guba, namijin kuma yana nan da kamanninsa. A ƙasar Hausa ma ana ganin Danaus chrysippus, mai launin ruwan goro da baƙin gefe, wanda tsutsarsa take cin ganyen tumfafiya tana tara gubar da ke cikin farin ruwan tsiron, kuma macen Hypolimnas misippus tana kwaikwayonsa, namijinta kuwa baƙi ne mai fararen ɗigo.

An daɗe ana gardama kan yadda kamar take samuwa, inda Reginald Punnett ya ce a 1915 sauyin gado guda ɗaya ne babba, Ronald Fisher kuma ya kare taruwar ƙananan sauye-sauye a 1930. Abin mamaki shi ne kusan ƙarni guda ana kafa yawancin hujja da matattun ƙwari da aka soke da allura a akwatuna, kafin Jane Van Zandt Brower ta gwada da tsuntsaye masu rai a Amurka a 1958, ta tabbatar cewa wanda ya ɗanɗani mai ɗaci yana ƙin taɓa mai kama da shi. Gwajin da David Ritland da Lincoln Brower suka yi a 1991, inda suka cire fikafikai suka ba tsuntsaye gangar jiki kawai, ya nuna cewa malam-buɗe-littafin Limenitis archippus, wanda littattafai suka daɗe suna kawowa a matsayin misalin bayanin Bates, shi ma tsuntsaye ba sa son cinsa. A 2014 kuma aka gano cewa a jinsin Papilio polytes na Asiya, ƙwayar gado guda ɗaya mai suna doublesex ce take tantance ko mace za ta fito da kamar mai guba ko kuwa irin ta namiji.