Ferrari: Kamfanin da tseren motoci ya haifa

Ferrari kamfani ne da ke ƙera motocin tsere da na alfarma a garin Maranello, kusa da birnin Modena a arewacin Italiya. Yawancin kamfanoni kan shiga tsere ne domin tallata motocinsu. Shi kuwa Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya riƙa sayar wa attajirai motoci ne domin ya samu kuɗin ci gaba da tsere.

An haifi Enzo a Modena a 1898. Ya zama direban tsere na kamfanin Alfa Romeo a 1920, sannan a 1929 ya kafa ƙungiyar Scuderia Ferrari, wadda take shiga gasa da motocin Alfa Romeo. Kalmar "scuderia" a harshen Italiyanci tana nufin bargar dawaki. Ya rabu da Alfa Romeo a 1939, kuma a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya mayar da masana'antarsa Maranello.

Mota ta farko da ta ɗauki sunan Ferrari ita ce 125 S mai injin silinda 12, wadda ta fito a 1947, ta kuma lashe gasa a birnin Rum a wannan shekarar. A 1949 Ferrari ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Nasararsa ta farko a gasar duniya ta Formula 1 ta zo a 1951 a Silverstone da ke Ingila, sannan Alberto Ascari ya zama zakaran duniya a 1952 da 1953.

Tambarin kamfanin, wato baƙin ingarma da ya ɗaga ƙafafunsa na gaba, asalinsa alama ce a jikin jirgin Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya da ya mutu a 1918. Mahaifiyarsa ce ta ba Enzo shawarar ya sa dokin a motocinsa. Enzo ya ɗora shi a kan launin ruwan ɗorawa, wanda shi ne launin birnin Modena.

Tsere yana cin kuɗi ƙwarai, don haka a 1963 Enzo ya shiga ciniki da kamfanin Ford na Amurka. Ana dab da ƙulla yarjejeniya ya janye, da ya fahimci ikon sashen tsere zai kuɓuce masa. Ford ya mayar da martani da motar GT40, wadda ta lashe Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969. A 1969 Enzo ya sayar wa kamfanin Fiat na Italiya rabin hannun jari, amma ragamar tsere ta ci gaba da zama a hannunsa har rasuwarsa a watan Agustan 1988, yana da shekara 90. F40 ta 1987 ita ce mota ta ƙarshe da ya amince da fitowarta.

Bayansa, Michael Schumacher ya ci wa Ferrari kambun duniya sau biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. Tsofaffin motocin kuwa sun zama kadara: guda 36 kacal aka ƙera na samfurin 250 GTO tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan fiye da dala miliyan 48.

Ferrari ne kaɗai bai taɓa tsallake kakar Formula 1 ba tun fara gasar a 1950. A 2023 ya sake lashe Le Mans, karo na farko tun 1965.