Kwana 61 Tsakanin Akwatin Zaɓe da Gadar Kennedy

Duk shekara in 9 ga Fabrairu ta zagayo, 'yan makaranta a Nijar kan ajiye littafi su fito ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, a yi jerin gwano, a karanta sunaye uku: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Duk shekara kuma sai tsohuwar gardama ta sake tashi a fada da gidajen rediyo, kan wane ne ya kawo wa Nijar siyasar jam'iyyu da yawa. Wasu su ce iska ce ta kaɗo daga waje, Faransa ta ba da umarni aka bi. Wasu su ce jinin ɗalibai ne ya saye ta. Akwai kuma masu taɓe baki su ce yaran nan kuɗin burs, wato tallafin karatu, suka fita nema, tarihi ne ya naɗa musu rawani daga baya. Kafin a raba wannan gardama sai an koma ga wani zaɓen shugaban ƙasa da ba a cika tunawa da shi ba, don babu wanda ya faɗi a cikinsa.

Ranar Lahadi 10 ga Disamba 1989 aka yi shi. Ɗan takara ɗaya ne, Janar Ali Saibou, jam'iyya ma ɗaya ce, MNSD. Da aka ƙidaya aka ce ya samu kashi 99.6 cikin ɗari. A ranar ce kuma aka zaɓi 'yan majalisar dokoki 93, dukansu daga jerin suna guda. Kusan wata uku kafin nan an yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, shi ma ya wuce ba tare da tuntuɓe ba. Da haka aka ce mulkin soja ya ƙare, Jamhuriya ta Biyu ta tsaya da ƙafarta.

A yi wa Ali Saibou adalci, ba irin Seyni Kountché ba ne. Kountché, wanda ya rasu a asibitin Paris a Nuwamban 1987, ya riƙe ƙasar shekara goma sha uku da hannun ƙarfe, har mutum kan waiga kafin ya ambaci gwamnati a cikin gidansa. Magajinsa mutum ne mai fara'a da sauƙin kai. Ya saki fursunonin siyasa, ya ce masu gudun hijira su dawo gida, ya kira manufarsa da sassautawa. Abin da bai lissafa ba shi ne, bakin da aka buɗe don ya yi godiya yana iya yin tambaya. Wurin da aka fi yin tambayar kuwa shi ne hayin kogi.

Wanda bai san Yamai ba yana buƙatar ya ga taswirar a ransa. Fadar shugaban ƙasa, ma'aikatu, barikoki da manyan kasuwanni duk suna gefe ɗaya na kogin Kwara. Jami'a, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, tana ɗaya gefen, a Harobanda. A wancan lokaci gada ɗaya tak ta haɗa su, gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ta biyu sai a 2011 aka samu. Ɗalibin da zai karɓi takarda a ma'aikata, da wanda zai je kasuwa, da dubban da za su kai kuka ga hukuma, duk ta wannan siririyar hanya za su bi, ruwa dama ruwa hagu. Wanda ya tare bakin gada ya tare jami'a ɗungurungum, kuma kowace gwamnati ta san haka.

Rayuwar ɗalibi a can ta rataya ne a kan abu uku: burs, ɗakin kwana da gidan abinci. Mafi yawansu 'ya'yan manoma da makiyaya ne da ƙananan ma'aikata, daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Dosso, Agadas da Diffa. Burs ɗin nan da ake rainawa, da shi ɗalibi ke sayen tikitin abinci da sabulu, da shi yake biyan kuɗin kwafe darasi, sau da yawa ma a cikinsa ake yanka wa iyaye wani abu a aika ƙauye. In ya makara wata biyu, ba ɗalibi kaɗai ke ji a jika ba. A tsakiyar harabar akwai filin taro da ake kira Place AB, don tunawa da Amadou Boubacar, ɗalibin da ya mutu a hannun hukuma a 1983, zamanin Kountché. A nan ake babban taro, a hau a yi jawabi, a ɗaga hannu a yanke shawarar yajin karatu. Ka lura da wannan: a ƙasar da ake zaɓe da ɗan takara ɗaya, wannan fili yana cikin 'yan wuraren da ake jayayya a fili sannan a ƙirga hannuwa.

Sharhin siyasa kuwa ba shi da wata kafa sai baki da takarda. Jaridar Le Sahel ta gwamnati ce, Muryar Sahel da Télé Sahel ma haka. Wanda ke son jin wani abu dabam sai ya murɗa rediyo zuwa RFI ko sashen Hausa na BBC da na Jamus. Sauran kuma takardu ne marasa sa hannu, waɗanda ake bugawa a ɓoye a liƙa a bango ko a tura ta ƙarƙashin ƙofa. USN, wadda ta girmi jami'ar kanta tunda a 1960 aka kafa ta, ta taso ne da harshen 'yan gurguzu da adawa da mulkin mallaka. A wajen masu wannan ra'ayi, MNSD tsohuwar gwamnatin soja ce ta tuɓe kaki ta sa babbar riga, kashi 99.6 kuma lissafi ne da aka gama tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Sai dai abin da ya fito da su titi ba zaɓen ba ne kai tsaye. Kuɗin yuraniyom da ya gina manyan benayen Yamai a ƙarshen shekarun 1970 ya janye tun farkon shekarun 1980, bashi ya yi katutu, aka shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Cikin sharuɗɗan har da wani shirin gyaran ilimi da ake kira Projet Éducation III, wanda ɗalibai suka karanta a matsayin rage burs, tsuke ƙofar jami'a da karkatar da kuɗi zuwa firamare. Ga kuma ɗaukar aikin gwamnati, wanda a da yake jiran duk mai digiri, ya fara zama tarihi. Masu karatu a Najeriya za su gane wannan ciwo, domin a watan Mayun 1989 ɗalibansu ma sun yi tarzomar ƙin SAP a zamanin Babangida.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, kwana 61 bayan zaɓe, ɗalibai suka taso daga Harobanda za su tsallaka cikin gari da ƙorafinsu. Jami'an tsaro suka tare su a gada. Aka harba hayaƙi mai sa hawaye, sannan aka harba harsashi mai rai cikin taron da ba shi da wurin gudu sai baya ko ruwa. Da ƙura ta lafa, hukuma ta ce mutum uku sun mutu, da dama sun ji rauni.

Nan ne ruwayoyi suka rabu. Akwai waɗanda suka kai adadin mamatan har goma sha huɗu, kuma wannan lamba ta shiga wasu rubuce-rubuce na waje. Ni dai na fi natsuwa da uku, ba don na amince da sanarwar gwamnatin da ta yi harbin ba. Dalilina shi ne ita kanta USN, wadda ba ta da wata riba a rage adadin, sunaye uku take karantawa shekara da shekaru. A ƙasar da kowane ɗalibi ke da gari da dangi da abokan aji, da wuya a ce mutum goma sha ɗaya sun ɓace ba wanda ya fito da sunansu, har a lokacin da aka buɗe wa kowa makirufo a babban taron ƙasa na 1991. Uku ma ba kaɗan ba ne. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wa ya ba da umarnin harbi, kuma ita ce ɗalibai ke maimaitawa a kowace zagayowar ranar, suna cewa har yau ba a hukunta kowa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi harbin kansa girgiza gwamnati. Juma'ar da ta zagayo, 16 ga Fabrairu, jama'ar Yamai suka fito makil, ma'aikata, 'yan kasuwa, iyaye mata, malamai. Mutanen da aka ce kusan dukansu sun zaɓi Janar wata biyu da suka wuce, ga su a titi suna Allah wadai. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ta daɗe tana tafiya da gwamnati sannu-sannu, ta koma ɓangaren ɗalibai. A watan Mayu jaridar Haské ta Ibrahim Cheick Diop ta fito, jarida mai zaman kanta ta farko a wannan sabon yanayi, sharhin da ake liƙawa a bango ya samu shafi da farashi. A watan ne kuma sojoji suka yi wa Abzinawa kisan Tchintabaraden, abin da ya ƙara zubar da mutuncin kaki. Yajin aiki ya bi yajin aiki, har ranar 15 ga Nuwamba 1990 Ali Saibou ya sanar da amincewa da jam'iyyu da yawa, wata goma sha ɗaya kacal bayan nasararsa ta kashi 99.6.

To, masu cewa Faransa ce ta yi komai su duba kalanda. Jawabin da shugaban Faransa Mitterrand ya yi a La Baule, inda ya ɗaura taimako da dimokuraɗiyya, a watan Yunin 1990 ne, wata huɗu bayan gada. Babban taron ƙasa na Benin, wanda ake cewa kowa ya kwaikwaya, ranar 19 ga Fabrairu ya buɗe a Kwatano, kwana goma bayan an zubar da jini a Yamai, kwana uku bayan gangamin 16 ga wata. Ba na musun cewa iskar waje ta taimaka. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, Mandela ya fito daga kurkuku kwana biyu bayan harbin, ɗalibai kuma suna jin duk wannan a rediyo. Amma ruwa ba ya tsami banza. La Baule ta tarar da tukunya tana tafasa, abin da ta yi shi ne hana gwamnati samun mai taya ta danne murfi.

Masu zancen burs kuma sun faɗi rabin gaskiya. E, ciki ne ya fito da ɗalibai. Amma wa za su kai wa kukan cikin? Majalisar mutum 93 ta jam'iyya ɗaya ba za ta ƙi shirin da gwamnati ta sa wa hannu ba, jaridar gwamnati ba za ta buga ƙorafinsu ba, zaɓe na gaba kuma an san sakamakonsa. Zaɓen Disamba ya toshe duk wata ƙofa da za a bi a ce a'a, sai gada ta rage. Shi ya sa cikin 'yan watanni buƙatar burs ta rikiɗe ta zama buƙatar jam'iyyu da taron ƙasa, ba tare da an canza masu jawabi a Place AB ba.

Babban taron ƙasa ya buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 a zauren wasanni na Yamai, da wakilai sama da dubu ɗaya da ɗari biyu, ya kai har 3 ga Nuwamba. Wanda ya shugabance shi malamin tarihi ne daga jami'ar, Farfesa André Salifou. USN ta zauna a matsayin rukuni mai cin gashin kansa, kafaɗa da kafaɗa da gwamnati da ƙungiyar ƙwadago. A kwatanta: yaron da bai gama digiri ba, wanda bara yake gudun kulki, yau yana yi wa minista da hafsan soja tambaya, rediyo na watsawa kai tsaye har ƙauyensu. Kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, ƙarƙashin Mamane Abou, ya tono batun 9 ga Fabrairu da na Tchintabaraden. Taron ya ƙwace iko daga hannun Ali Saibou ya bar masa kujera kawai, ya naɗa Amadou Cheiffou firaminista na riƙon ƙwarya. Janar ɗin bai kira tankoki ba, ya zauna ya ji zagi da kunnensa, kuma wannan ma ya cancanci a rubuta masa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin hasken rana kuma tsohon shugabanta.

Zaɓen gaskiya ya zo a 1993. A zagayen farko, 27 ga Fabrairu, Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ya zo na ɗaya da kusan kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya bi shi da kusan 27. A zagaye na biyu, 27 ga Maris, PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou da ANDP-Zaman Lahiya ta Moumouni Adamou Djermakoye suka mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC, ya ci da kashi 54 da ɗoriya. Ali Saibou ya miƙa mulki a watan Afrilu ya koma gida, ya rayu har 2011. Jami'a kuwa ta tarar da sabon abu: abokin gaba ɗaya ya zama jam'iyyu barkatai, kowace tana neman nata mutane a ɗakunan kwana, tsofaffin masu jawabi da yawa sun zama 'yan takara da masu ba da shawara.

Burs dai bai daina makara ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, shekarun karatu suka riƙa lalacewa ana soke su ɗungurungum. A Maris na shekarar, ƙarƙashin gwamnatin da ɗalibai suka share wa hanya, aka kashe ɗalibi Tahirou Harouna a wata zanga-zanga. Baré Maïnassara ya kifar da Ousmane a Janairun 1996, shi ma aka kashe shi a 1999, Tandja ya hau mulki ta akwati a ƙarshen shekarar. Ranar 10 ga Afrilu 2017 wani ɗalibin, Mallah Bagalé, ya rasa ransa yayin da jami'an tsaro suka afka wa masu zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu a Yamai. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Mahamadou Issoufou, wanda aka kafa jam'iyyarsa a Disamban 1990, wata ɗaya bayan Ali Saibou ya ba da kai.