Waƙafi Tsakanin Numfashi da Nahawu: Nazari kan Alamomin Rubutun Ingilishi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda alamomin rubutun Ingilishi suka tashi daga zama jagoran mai karatu da murya suka koma masu fayyace ginin jimla, sannan ta nuna cewa ƙa'idar nan da aka saba ɗora wa ɗalibai, wato a sanya waƙafi duk inda aka ja numfashi, ragowar tsohon tsari ce wadda ba ta dace da Ingilishin da ake rubutawa a yau ba.

Asalin alamomin

Girkawa da Rumawan dauri sun daɗe suna jera haruffa ba tare da tazara tsakanin kalma da kalma ba, domin a wurinsu rubutu abin karantawa ne da babbar murya a gaban jama'a, kuma mai karatu kan yi bitar nassi tun kafin ya miƙe. Wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya, Aristofanis na Bizantiyum, wanda ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya, ya ƙirƙiro ɗigo uku da ake sanyawa a ƙasa ko tsakiya ko saman layi don nuna tsawon dakatawa. Kalmomin "komma" da "kolon" da "periodos", waɗanda Ingilishi ya gada, asalinsu sunayen gaɓoɓin zance ne: ta farko tana nufin ɗan guntun da aka yanke, ta biyu gaɓa kamar ta jiki, ta uku kuma zagaye cikakke. Daga baya ne sunan gaɓar ya koma kan alamar da ke rufe ta.

Abin lura shi ne Hausa ma ta bi irin wannan hanya, ko da yake ta wata ƙofa daban. Kalmar waƙafi daga Larabci take, daga dakatawar da mai tilawa ke yi, ita kuwa aya sunan yankin nassi ce kafin ta zama sunan ɗigon da ke rufe jimla a rubutun boko. Saboda haka ɗalibi Bahaushe da ya ji waɗannan sunaye, kunnensa ne ke fara amsawa kafin idonsa, kuma wannan yana da tasiri a kan yadda yake fahimtar aikin alamomin idan ya zo rubuta Ingilishi.

Tazara tsakanin kalmomi ta yaɗu ne ta hannun marubutan Ayilan a ƙarni na 7 da na 8, waɗanda Latin ba harshen uwa ba ne a gare su, amma injin ɗab'i ne ya daidaita siffofin alamomin. William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, karkatacciyar sanda ya fi amfani da ita wajen raba zance, alhali a Benis ta Italiya maɗaba'ar Aldus Manutius ta yaɗa waƙafi mai lanƙwasa da waƙafi mai ruwa a ƙarshen ƙarni na 15. Jikansa, wanda shi ma Aldus ake kiransa, ya fitar da bayani a 1566 inda ya jingina alamomin ga ginin jimla. Duk da haka tsohon ra'ayi bai kau ba a Ingila. Robert Lowth a nahawunsa na 1762, da Lindley Murray a nasa na 1795, sun koyar da cewa dakatawar waƙafi mai ruwa ninkin ta waƙafi ce, ta ruwa biyu ninkin ta waƙafi mai ruwa, ta aya kuma ninkin ta ruwa biyu, wato 1 da 2 da 4 da 8. Littafin Murray ya yi farin jini ƙwarai a makarantun Ingila da Amurka, kuma ba abin mamaki ba ne a ce irin wannan lissafi ya daɗe a bakin malamai.

Inda numfashi ke yaudara

Kafin a ga raunin ƙa'idar jan numfashi, wajibi ne a fayyace kalmomi kaɗan. Ganga ita ce jerin kalmomi mai ɗauke da aikau, wato wanda ake magana a kansa, da aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki ko hali. Ganga tsayayya tana iya zama jimla ita kaɗai, ganga dogarau kuwa sai ta jingina da wata kafin ma'anarta ta cika. A Ingilishin yau, sanin wannan bambanci ne ke yanke hukuncin inda waƙafi zai zauna.

Idan aikau ya yi tsawo, kamar a "The woman who sells rice near the old station is my aunt", mai karatu kan ɗan dakata kafin "is", amma nahawu bai yarda a raba aikau da aikatau da waƙafi guda ba, komai tsawon jimlar. Akasin haka kuma, a "The rain stopped, the market opened" an haɗa ganga tsayayya biyu da waƙafi kaɗai, kuma ko da yake kunne bai ji wani aibu ba, a rubutu na ilimi kuskure ne, wanda gyaransa shi ne a sanya aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a ƙara mahaɗi irin "and". Wannan kuskure na biyu yana da sauƙin aukuwa ga mai tunani da Hausa, domin salon ba da labari na Hausa yana jera aiki bayan aiki ba tare da mahaɗi ba, kamar a ce ya tashi, ya yi alwala, ya fita, kuma wannan daidai ne a Hausa ba tare da wata tantama ba. Laifin ba na ɗalibin ba ne idan ba a taɓa nuna masa cewa harsunan biyu sun sha bamban a nan ba.

Wurin da al'amarin ya fi nauyi shi ne gangar da ke siffanta suna. Jimlar "The teachers who arrived late were fined" tana nufin malaman da suka makara ne kaɗai aka ci tara, amma da zarar an rubuta "The teachers, who arrived late, were fined", ma'ana ta koma cewa dukkan malaman sun makara kuma dukkansu an ci su tara. Ta farko ganga ce mai iyakancewa, domin ita ke ware waɗanda ake nufi, ta biyu kuwa ƙarin bayani ne kawai wanda za a iya cirewa. Kalmomin ba su canza ba ko ɗaya, waƙafi biyu ne suka sauya wanda hukunci ya hau kansa.

Waƙafin Okisfod, wato wanda ake sanyawa kafin "and" ko "or" a ƙarshen jerin abubuwa uku ko fiye, ya samo sunansa daga maɗaba'ar jami'ar Okisfod, kuma har yau gidajen wallafa ba su haɗu a kansa ba. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta duba ƙarar direbobin kamfanin madara na Oakhurst Dairy a jihar Maine, waɗanda suka nemi kuɗin aikin ƙarin lokaci. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi kafin "or" na ƙarshe, don haka ba a tantance ba ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin, ko kuwa ɗaure kaya domin rarrabawa kawai ake nufi. Kotu ta ce dokar tana da harshen damo, ta karkata ga direbobin, kuma a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5. Majalisar jihar ta sake rubuta wannan sashe, ta raba ayyukan ɗaya bayan ɗaya da waƙafi mai ruwa.