Sana'ar Turi: Tarihin Shigar Bidiyo da Hotuna Cikin Na'urorin Aljihu

Sana'ar turi, wato zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da hotuna da karatun malamai a cikin waya ko memori a biya lada, tana daga cikin sana'o'in da ba su daɗe da bayyana a kasuwannin ƙasar Hausa ba, domin ba ta kafu sosai ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Yawanci ana danganta bunƙasarta da tsadar intanet, kuma akwai gaskiya a cikin hakan, sai dai tushenta na farko wani ne daban: a wancan zamani kowace na'ura tana da irin fayil ɗin da take iya buɗewa, kuma bidiyon da ya yi aiki a kwamfuta ba lallai ya yi aiki a na'urar aljihu ba. Wanda ya san yadda ake juya fayil daga wani tsari zuwa wani, shi ne ya fara cin abinci da wannan sana'a. Asalin matsalar kuwa ba a Kano yake ba, yana can a masana'antun Amurka da Koriya da Japan da Sin.

Na'urorin sauti na aljihu masu ajiye fayil sun fito kasuwa a 1998, lokacin da kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan, kamfanin Diamond na Amurka kuma ya fitar da Rio, kowace da ma'ajiyar da ba ta ɗaukar fiye da 'yan waƙoƙi. Sauti bai ba da wahala ba, saboda tsarin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka taka babbar rawa wajen samar da shi, ya riga ya zama abin da kusan kowace na'ura take karantawa. Rikici ya fara ne da aka ƙara wa na'urorin fuska mai launi. Kamfanin Archos na Faransa ya fitar da mai nuna bidiyo a 2002, Apple ya kawo iPod mai nuna hoto a 2004 da mai nuna bidiyo a Oktoban 2005, Sony ya fitar da PSP a Japan a ƙarshen 2004, Microsoft kuma ya biyo baya da Zune a 2006, kuma kowannensu da nasa sharuɗɗan.

Fahimtar waɗannan sharuɗɗa tana buƙatar a raba abubuwa biyu da mai amfani da na'ura yake ɗauka a matsayin ɗaya. Akwai mazubi, wato tsarin fayil ɗin da ake gane shi da haruffan ƙarshen sunansa, kamar AVI ko MP4 ko 3GP, akwai kuma kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoto da sauti don su rage girma, kamar H.263 ko H.264 ko Xvid. Mazubi tamkar buhu ne, kodek kuwa hatsin da ke ciki, kuma ganin buhu ba ya nuna gero ne a ciki ko dawa. Saboda haka fayil biyu suna iya ɗaukar suna iri ɗaya, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, ko sauti ya fito fuska ta tsaya baƙa, ko hoto ya yi ta motsi babu murya. Bayan wannan akwai yawan ɗigon da ke haɗa hoton, da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa guda, waɗanda idan suka wuce ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura sai bidiyon ya riƙa tsinkewa. iPod ta 2005, alal misali, fuskarta ɗigo 320 ne a kwance da 240 a tsaye, ba ta karɓar komai sai H.264 da MPEG-4 masu ƙayyadadden girma, kuma hanyar da kamfanin ya tanada ta zuba mata su ita ce manhajar iTunes. PSP ta farko ma ta fi ta tsauri, domin sai an ajiye bidiyo a wata folda ta musamman a cikin memori, an kuma ba shi suna mai wasu haruffa da lambobi a jere, kafin na'urar ta yarda cewa akwai shi.

Dalilan wannan rarrabuwa ba su da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwar na'urorin ba ta da ƙarfi, batirinsu kuma ƙarami ne, don haka aka ƙera su su iya kodek ɗaya ko biyu kawai. Manyan kodek kuma suna ƙarƙashin haƙƙin ƙirƙira, kuma duk mai ƙera na'urar da ke karanta su sai ya biya kuɗin lasisi. Ga shi kuma manyan kamfanoni ba su ƙi a ce mai saye ya maƙale a shagonsu na sayar da waƙa da fim ba. Ana yawan gabatar da lamarin a matsayin ƙarancin fasaha kawai, alhali kaso mai yawa na wahalar da masu saye suka sha lissafin kasuwa ne ya jawo shi.

Waɗannan manyan na'urori ba su ne suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma ba, saboda tsadarsu. Abin da ya iso da yawa shi ne ƙananan na'urorin da masana'antun kudancin Sin suke ƙerawa, waɗanda ake sayarwa da sunan MP4, ko da yake da yawa daga cikinsu ba sa iya buɗe fayil ɗin MP4 ko kaɗan. Abin da suke karantawa shi ne wani tsari mai suna AMV, wanda a zahiri jerin ƙananan hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya, goma zuwa sha shida a daƙiƙa, a fuskar da ba ta kai faɗin akwatin ashana ba. Akan haɗo na'urar da wani ɗan ƙaramin faifai mai ɗauke da manhajar juyi, wanda ba shi da amfani ga wanda ba shi da kwamfuta, kuma mafi yawan masu sayen ba su da ita. Hotuna ma suna da nasu sharaɗin, domin tsarin JPEG na 1992 yana da nau'in da ke bayyana layi bayan layi daga sama, da nau'in da ke fara bayyana dishi-dishi sannan ya washe, kuma na'urori masu araha na farkon kawai suke ganewa, shi ma sai an rage masa girma.

Zuwan wayar salula ne ya mayar da wannan ƙaramar buƙata sana'a. Kamfanonin Econet da MTN sun fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma cikin 'yan shekaru wayoyi masu kyamara da bulutut da ramin memori suka yawaita, musamman bayan fitowar ƙaramin katin microSD a 2005 da kwararar wayoyin da ake kira 'yan Cana, masu layi biyu da lasifika mai ƙara, waɗanda yawancinsu ke aiki da ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek na Taiwan. Waya ta haɗiye aikin na'urar MP4, kuma ta gaji matsalarta. Tsarin da wayoyin suka fi ganewa shi ne 3GP, mai ɗigo 176 da 144, wanda aka tsara tun asali don aika gajeren bidiyo ta layin waya, mai sautin da aka matse domin magana ba domin kiɗa ba. Fina-finan Hausa kuwa a lokacin suna kan faifan VCD, inda suke zaune a matsayin fayil ɗin DAT mai ɗigo 352 da 288, ko kan DVD a matsayin VOB, kuma babu wayar da ke buɗe ɗaya daga cikin biyun.

A nan mai turi ya shigo. Jarinsa kwamfuta ce, sau da yawa kwance daga Turai, da na'urar karanta memori, da tarin kebul na wayoyi iri-iri, da janareta ko haɗin gwiwa da mai cajin waya, domin sana'o'in biyu sun taso ne a rumfa ɗaya. Zai kwafi fim daga faifai, ya saka shi a manhajar juyi irin su Total Video Converter ko Format Factory, ya zaɓi girman da ya dace, ya bar kwamfuta tana aiki, wani lokaci tsawon dare, domin juya fim guda a tsohuwar kwamfuta yana iya cin lokacin da ya kai tsawon fim ɗin kansa. Da safe fim ɗin da ya cika faifai ya koma ƙaramin fayil, har memori mai gigabait ɗaya ya ɗauki fina-finai da dama. Gwanin sana'ar yakan ajiye fim ɗaya a tsari biyu ko uku, kuma tambayarsa ta farko ga mai saye ita ce wace irin waya ce, kafin a zo ga wane fim. Ya san cewa tsohuwar waya ba ta karanta memorin da ya wuce gigabait biyu, domin nau'in SDHC da ya fito a 2006 sabon tsari ne gare ta. Ya san memorin jabu, wanda ke nuna girman da ba shi da shi ya kuma lalata duk abin da ya wuce haƙiƙanin cikinsa. Ya san ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓoye folda har mai waya ya zaci hotunan bikinsa sun salwanta. Wannan ilimi ba a makaranta aka same shi ba, yaro ne yake koya a wajen maigidansa kamar yadda ake koyon gyaran rediyo, kuma a Kano kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut sun zama manyan wuraren da ake samun kayan aikin da sababbin manhajoji.

Abin da aka tura bai tsaya ga fim ba. Tafsirin watan azumi, wanda a da ake saye a kaset, ya koma memori, kuma karatun malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a watan Afrilun 2007, ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya da cikin ƙananan rediyoyi masu ramin memori. Kiɗa ma ya tsallaka iyaka ta wannan hanya: mawaƙin Abzinawa na Nijar, Mdou Moctar, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin kuma suka bazu a Sahara ta bulutut da memori ba tare da wani kamfani ya rarraba su ba, har wata daga ciki ta shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar na waƙoƙin da aka tsinto a wayoyin mutanen yankin. A 2007 kuma wani ɗan gajeren bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya yaɗu a Kano ta wayoyi, lamarin da ya kai gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ga naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai da dakatar da ɗaukar fim na watanni. An hukunta masana'antar da ke da ofis da adireshi, hanyar da bidiyon ya bi kuwa babu wanda ya iya tare ta.

Masu shirya fim ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sauyi. Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta ginu ne a kan abin da ake riƙewa a hannu: furodusa yakan kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai uwar kaset da kwalayen da ya buga, su kuma su kwafa su sayar, ribarsa tana cikin yawan kwalin da ya ƙare. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa wannan tsari da kansa ya tsiro ne daga hanyoyin kwafar fina-finan Indiya da Amurka ba da izini ba. Fayil ba shi da kwali, don haka faifai ɗaya da mai turi ya saya yana iya wadatar da unguwa guda, a kuɗin da bai kai rabin na faifai ba. Zargin satar fasaha da aka yi wa masu turi yana da tushe, amma bai bayyana dalilin da ya sa jama'a suka bi su ba: faifai yana buƙatar talabijin da wutar lantarki da zaman falo tare da iyali, waya kuwa mace a cikin ɗakinta ko ɗan acaba a bakin titi kowa yana kallon abin da ya ga dama. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 cinikin faifai ya durƙushe, fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka mamaye memori, masu shirya fim kuma suka karkata ga tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube.

A daidai wannan lokaci ne gwanintar da ta haifi sana'ar ta fara rasa daraja. Wayoyin Android masu araha, irin su Tecno da Itel, sun zo da ƙwaƙwalwar da ke karanta H.264 kai tsaye, manhajoji irin su VLC da MX Player kuma suna buɗe kusan kowane fayil, ta hanyar dogaro da FFmpeg, wani aikin kyauta da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Manhajar Xender ta maye gurbin bulutut da kebul, WhatsApp kuma tana matse bidiyon da aka aika ta cikinta zuwa tsarin da yawancin wayoyi ke ganewa, ba tare da mai aikawa ya san an yi juyi ba. Na'urorin da suka fara kawo matsalar su ma sun shuɗe, domin Microsoft ya daina ƙera Zune a 2011, Apple kuma ya sanar da ƙarshen iPod a watan Mayun 2022. Mai turi bai tashi daga rumfarsa ba, sai dai abin da yake sayarwa ya koma sauƙin kuɗin data: shi yake sauke shiri sau ɗaya ya raba wa mutane da yawa. Tsohuwar matsalar takan leƙo jifa-jifa, tun da Apple ya mayar da HEIC tsarin hotunan iPhone a 2017, kodek ɗin H.265 kuma ya yawaita a fina-finan da ake saukewa, kuma ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda har yanzu ake sayarwa da yawa a karkara, ba sa buɗe ko ɗaya daga cikinsu sai an juya.